Yadda na koyi ɗaukar hoton faɗuwar rana, titi da mutanen gidana

Na kai shekara biyu ina ɗaukar hoton faɗuwar rana, ko ɗaya bai taɓa fitowa yadda idona ya gani ba. Sama ta yi jajawur kamar garwashi, in ɗaga waya in danna, sai in tarar da fari fat a sama, ƙasa kuma baƙi ƙirin. Na ɗora wa wayar laifi, na sake wata, abin bai sake zane ba. Sai daga baya na gane cewa kyamara ba ta gani irin ganin ido. Idonka yana sabawa da haske da duhu nan take, duk inda ka kai shi. Kyamara kuwa awo ɗaya take yi wa hoton gaba ɗaya, in ba ka nuna mata inda za ta auna ba, ita za ta zaɓar maka, kuma sau da yawa zaɓinta ba shi ne naka ba. Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan ya samo asali.

Kafin komai, ka goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. Waya tana yini a hannu da aljihu, maiƙon yatsa yana hawa kan gilashin, shi ne yake sa fitilu su fito da jela, fuska ta yi dishi-dishi. Sannan ka shiga saitin kyamara ka kunna layukan nan da suke raba allo gida tara. Da wannan biyun kaɗai za ka ga bambanci.

To, faɗuwar rana. Ka tsaya ka fuskanci yamma, ka taɓa allon wayar a daidai sararin da yake kusa da ranar, ba kan ƙwayar ranar ba. Za ka ga ɗan akwati ko da'ira ta bayyana, da alamar rana a gefenta ko ma'auni a ƙasa. Ja ta ƙasa a hankali, kana kallo. Farin nan zai fara komawa ruwan ɗorawa, sannan ja, gajimare ya fito da gefunansa. Inda launin ya yi daidai da abin da idonka yake gani, ka tsaya. In ka danne yatsa a wurin na daƙiƙa biyu, yawancin wayoyi za su kulle awon, ko ka motsa ba zai canza ba. Ƙasa za ta yi duhu, ka bar ta ta yi. Bishiya ko mutum ko rufin gida da ya fito baƙi a gaban jan sama shi ne adon hoton.

Abin da yake sa sama ta yi ja yana da amfani ka sani, don zai gaya maka lokacin da za ka tsaya jira. Hasken rana ya ƙunshi launuka da yawa, iska kuma ta fi watsa shuɗi a kan ja. Da tsakar rana hasken yana ratsa iska kaɗan kafin ya iso gare ka. Da yamma likis kuwa yana zuwa ta gefe, ya yi doguwar tafiya cikin iska, shuɗin ya watse a hanya, ja da ruwan lemo su iso. Shi ya sa ranar da sama take wasai babu gajimare ko ɗaya ba ta cika ba da hoto mai armashi ba, babu abin da hasken zai sauka a kai. Ranar da ka ga siraran gizagizai can sama, yamma kuma a buɗe, ka bar abin da kake yi ka fita.

Kuma ka fita da wuri. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, faɗin rana a ido kuwa kusan rabin digiri ne, wato cikin minti biyu take matsawa gwargwadon faɗinta. Daga lokacin da gindinta ya taɓa ƙasa zuwa ɓacewarta mintuna kaɗan ne, ba lokacin neman wurin tsayawa ba ne. Ni nakan isa da rabin awa, in zagaya, in sami abin da zan sa a gaba. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne tafiya da zarar ta faɗi. Wata rana ɗiyata ta tsaya ɗaure igiyar takalmi bayan na riga na mayar da waya aljihu, sai ta ce, "Baba, dubi bayanka." Na waiwaya, gabas ta koma ruwan hoda gaba ɗaya, hasken da ya rage yana dukan cikin gajimare daga ƙasa. Tun ranar nakan ƙara minti 15 zuwa 20 bayan faɗuwa, kuma nakan riƙa waiwaye. Gargaɗi ɗaya: in kana da babbar kyamara mai ramin leƙawa na gilashi, kada ka kalli rana ta ciki tana da ƙarfi, tana iya lahanta ido.

Game da inda sama ta haɗu da ƙasa, kada ka sa layin a tsakiyar hoto sai da dalili. In sama ce abin kallo, ka ba ta kashi biyu cikin uku, ka ɗora layin a kan layin ƙasa na allonka. In fili ne ko ruwa, ka juya lissafin. Ka tabbata dai layin ya miƙe, don hoton tafki da ya karkace yana sa mai kallo ya ji kamar ruwan zai zube.

Hoton fili da gona da dutse bai da wuya in ka kiyaye lokaci. Rana tsaka tana daddale komai, inuwa ta maƙale a ƙarƙashin abu, tudu da kwari su zama ɗaya. Da hantsi ko la'asar sakaliya hasken yana zuwa ta gefe, kowace kunya da kowane tsagin dutse ya sami inuwarsa. Ka nemi hanya ko shinge ko rafi da zai ja ido daga gaban hoton zuwa can ciki, ka kuma durƙusa ka sa wani abu kusa, ko ciyawa ce. Kada ka ja hoto da yatsu biyu don ka kusanto da abu, wannan yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi, shi ya sa yake fashewa. In wayarka tana da madannin 2x ko 3x mai gilashinsa na daban, yi amfani da shi, in babu, taka da ƙafarka.

Cikin gari kuwa motsi ne abin lura. A 1838 Louis Daguerre, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Faris na Faransa, titi mai cike da mutane da kekunan doki, amma a hoton sai ya fito wayam. Kyamarar wancan zamani sai ta yi mintuna idonta a buɗe, duk abin da yake tafiya bai bar alama ba. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, ana kuma lissafa shi cikin mutanen farko da suka taɓa fitowa a hoto. Ina son wannan labari don har yau ƙa'idar ba ta canza ba: gwargwadon daɗewar idon kyamara a buɗe, gwargwadon yadda mai motsi zai narke. In wayarka tana da sashen da ake saita komai da hannu, za ka ga lambobi irin 1/30 da 1/250 da 1/500, kason daƙiƙa ne da idon kyamara zai yi a buɗe. A 1/250 mai tafiya da ƙafa zai tsaya cak. Yaro mai gudu ko mai keke yana son 1/500 ko sama. A 1/30 kuwa mota za ta ja layi, wanda wani lokaci shi ake so, muddin ka jingina wayar a bango ko kan wani abu don gine-ginen su tsaya daram. Lambar ISO ita ce take ƙara wa kyamara jin haske: 100 da rana, in duhu ya yi ta haura 1600 ko 3200, hoton ya fara yin tsakuwa-tsakuwa.

Dabarar da ta fi yi mini aiki a titi ita ce in daina bin mutane. Nakan sami bango mai kyau, ko lungun da haske ya ratso ya zana murabba'i a ƙasa, in daidaita hoton, in kulle awon haske, in tsaya. Wani zai zo ya ratsa ta wurin. Lokacin da na fi so shi ne bayan faɗuwar rana kaɗan, an kunna fitilun shaguna da na motoci amma sama ba ta gama yin baƙi ba, tana shuɗi mai duhu. Bai wuce ɗan taƙi ba. In fuskar mutum za ta fito a gane shi, ka yi sallama ka nemi izini, ka nuna masa hoton, in ya ce a goge ka goge a gabansa. Yaran mutane kada ka ɗauka sai da yardar iyayensu. Wuraren soja da na tsaro a ƙasashe da yawa doka ta hana, ka kauce musu.

Yanzu ga wanda ya fi kwanta mini a rai, hoton iyali. Nan ne maganar awon haske ta fi ciwo, musamman ga masu duhun fata. Ka tsayar da mutum baƙi sanye da fararen kaya a gaban sama mai haske, kyamara za ta auna farin, fuskar ta nutse, sai haƙora da idanu. Maganin shi ne ka taɓa fuskar a allo, ka ɗan ɗaga hasken har fatar ta fito da launinta na gaskiya, ko da saman za ta ɗan ƙone. Wanda ya fi wannan shi ne ka raba shi da rana gaba ɗaya. Kai shi bakin inuwa, ƙofar ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, ya fuskanci waje. Ƙarƙashin bishiya mai tsirarun ganye yana zana tabo-tabo a fuska, ka duba kafin ka danna.

Taga ita ce fitilar da ba ka saya ba. Ka kashe ƙwan ɗaki, don sau da yawa haskensa ruwan ɗorawa ne na taga kuma fari, in suka haɗu fata takan yi wani iri. Ka zaunar da mutum kamar taku ɗaya daga tagar, hasken ya zo masa ta gefe. In ɗaya kuncin ya yi duhu da yawa, wani ya riƙe farin zane ko farin kwali a wancan gefen, zai mayar da hasken. Haka na ɗauki mahaifiyata wata safiya tana ƙoƙarin zura zare a allura. Ta ɗaga allurar saitin taga, ta ƙanƙance ido ɗaya, tabarau ya zamo mata zuwa kan hanci, bakin zaren a jiƙe. Na matso na ɗauki hannuwan kaɗai, jijiyoyi a tashe, zoben azurfar da ya siɗe don daɗewa. Ta ce, "Kai kuma, hannun tsohuwa me za ka yi da shi?" Na ce, "Inna, ci gaba da aikinki kawai." Duk cikin hotunanta wannan ne 'yan'uwana suka fi roƙo in tura musu.

Kada ka kusanto da waya dab da fuska. Babban gilashin yawancin wayoyi mai faɗin gani ne, daidai da milimita 24 zuwa 26 a lissafin manyan kyamarori, kuma daga kusa yana kumbura hanci ya tura kunnuwa baya. Ja da baya taku biyu ka sa 2x. Ka sa saitin a kan idon da ya fi kusa da kai. Kafin ka danna, kai idonka bayan mutumin: sandar wuta da ta tsiro daga kansa, bokiti, shanya. Taku ɗaya zuwa hagu yakan kawar da su.

Yara kuwa, sauka ƙasa. Hoton da aka ɗauka daga tsaye kan yaro kawai yake nunawa da ƙasa. Durƙusa har idonka ya yi daidai da nasa. Ka daina cewa "kalli nan, yi dariya", don abin da za ka samu yaƙe ne. Ba shi abin yi, ka jira ya manta da kai, sannan ka yi ta ɗauka a jere, daga baya ka zaɓi ɗaya. Hoton taro ma haka, ka ɗauki biyar ko shida, don dole wani ya ƙifta. Filashar waya ba ta kai ko'ina ba, bayan mita biyu ko uku ta mutu, na kusa kuma ta sa musu ƙyallin goshi, gara ka matsar da mutanen inda haske yake. Ka kuma riƙa jingina wayar ka sa mata daƙiƙa 10 ka shiga cikinsu. Na duba hotunan shekarun farko na 'ya'yana, ban ga kaina a ko ɗaya ba, kuma wata rana za su nema.

Gyara kaɗan ya isa: miƙe layi, yanke gefen da bai da amfani, ɗan ɗaga inuwa. Ka bar fatar mutane yadda Allah ya yi ta, manhajar da take goge kurajen fuska takan goge kamannin ma.

Ajiya ce ta taɓa ƙona ni. Wayata ta faɗa ruwa da hotunan shekara uku a ciki, har da na ƙarshe da na yi wa mahaifina, babu kwafi ko'ina. Abin da na tsira da shi guda huɗu ne da na taɓa tura wa ƙanwata ta WhatsApp, su ma manhajar ta matse su, in aka buɗa sai su fashe. In za ka tura hoton da kake so ya daɗe, tura shi a matsayin fayil, zai isa da cikakken girmansa. Yanzu kowane hoto mai muhimmanci yana wuri uku: a waya, a kwamfuta, da ma'ajiyar intanet. Ƙarshen kowane wata nakan zauna in share tarkace, in ware guda goma, ƙarshen shekara in kai a wanke mini su a takarda. A bayan kowanne nakan rubuta sunan wanda yake ciki da shekarar, da fensir, don tawadar biro tana iya ratsa takardar ta ɓata fuskar.