Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa na'urorin USB a QEMU

A QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfutarka, saƙon kuskuren da ya fi yi wa sabon hannu maraba shi ne `No 'usb-bus' bus found for device`. Mutum ya rubuta `-device usb-tablet`, amma bai sa kwantirolar da za ta karɓi na'urar ba, kamar mai riƙe da filogi a ɗakin da babu soket. Maganin shi ne `-device qemu-xhci,id=xhci`, sannan na'urar ta biyo baya. QEMU na bin zaɓuɓɓukan `-device` ɗaya bayan ɗaya, don haka in kwantirola ta zo a ƙarshen layi, tamkar babu ita ne a lokacin da ake nemanta. In kana da kwantirola fiye da ɗaya, faɗa wa na'urar inda za ta zauna da `bus=xhci.0`.

Wasu kuma sai su dogara da `-usb` kaɗai. A injin `pc`, abin da wannan ke bayarwa UHCI ne, wato USB 1.1, mai gudun megabit 12 a daƙiƙa. Linzami ba zai koka ba, amma kwafar babban fayil zuwa filashi za ta cinye maka yini. Ramukanta biyu ne kacal, kuma in saura ɗaya ya rage QEMU kan ƙara `usb-hub`, wanda shi ma 1.1 ne. A ganina xHCI, wato kwantirolar `qemu-xhci`, ce ta fi dacewa, don tana ɗaukar 1.1 da 2.0 da 3.0 duka. Sai dai in baƙon, wato tsarin da ke gudana a cikin QEMU, tsoho ne: Windows 7 bai zo da direban xHCI ba, sai daga Windows 8. A nan `usb-ehci` ya fi, mai megabit 480.

Faifan ajiya layi biyu yake so. Na farko `-drive if=none,id=filashi,format=raw,file=faifai.img`, na biyu `-device usb-storage,drive=filashi`. In ka manta `if=none`, QEMU zai riga ka ya ɗaura faifan a wata hanyar, ya ce maka ana amfani da shi.

Inda aka fi shan wahala shi ne miƙa na'urar gaske ga baƙo da `usb-host`. Umarnin `lsusb` na nuna lambobi biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu, misali `1234:abcd`, kuma a tsarin lissafin 16 suke. Mutane kan kwafe su yadda suka gan su, alhali dole a sa `0x` a gaba: `vendorid=0x1234,productid=0xabcd`. Ba tare da shi ba, ko QEMU ya ƙi, ko ya yi ta jiran wata na'urar da babu ita, shiru babu ƙorafi. Shi kuwa `hostaddr`, lambar da kwamfutarka ke bai wa na'ura in an jona ta, yana canjawa duk lokacin da aka zare na'ura aka mayar, shi ya sa layin da ya yi aiki jiya yake ƙi yau. `hostbus` tare da `hostport`, masu nuna ramin da aka jona na'urar, sun fi tsayawa wuri ɗaya, musamman in na'urorin biyu ne iri ɗaya. Sai batun izini a kan `/dev/bus/usb`. Da yawa kan buga `sudo` su wuce, amma bai wa injin kwaikwayo ikon `root` saboda filashi ɗaya ganganci ne. Ƙa'idar udev, wato tsarin Linux mai kula da na'urori da izininsu, ta layi ɗaya ta wadatar. Kuma ka sauke filashin daga kwamfutarka da `umount` kafin ka miƙa shi, don kada bayanai su lalace.

Tsohon salon `-usbdevice` da ake gani a tsofaffin bayanai, an cire sassansa da dama. Koma wa `-device`. In abu ya rikice, shiga monita, wato wurin rubuta wa QEMU umarni yayin da yake aiki: `info usb` zai nuna abin da baƙo ke da shi, `info usbhost` kuma abin da QEMU ke gani a kwamfutarka.