Yadda Za a Shirya Yarinya Mai Waƙa Kafin Ta Hau Dandalin Biki

A Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, ba wuya ka ga 'yar shekara 12 riƙe da makirfo ranar kamu, murya zaƙi kamar me, amma baitin da ke bakinta na matar aure ne: kishi, kewar masoyi, zancen turaka. A Amurka ma an yi haka. Mawaƙiya Tanya Tucker ta yi suna a 1972 tana da shekara 13, da ta kai 15 wasu gidajen rediyo suka ƙi sa wata waƙarta don kalmomin sun fi ƙarfin shekarunta.

Aikin farko na takarda ne. A rubuta kowane baiti, a karanta shi da baki ba kiɗa, a gaban uwarta ko gwaggonta. Kiɗa yana rufe ma'ana, shi ya sa baitin da ya wuce lafiya a sifika kan ba da kunya idan aka faɗe shi zalla. A tambayi yarinyar me ta fahimta. In ta kasa bayani, ko ta sunkuyar da kai, a cire baitin. A kula da kalma mai harshen damo, da habaicin kishiya, musamman ɗangon da aka sirka da Fillanci ko Faransanci. A samu mai jin yaren sosai ya duba. Ba dole a jefar da waƙar duka ba. Karin yana nan, sai a ɗora masa yabon iyaye, addu'a ga amarya, ko bege.

Sai murya. Waƙar manya an gina ta ne a kan maƙogwaron manya. Mai fiyano ya matsa sautin sama ko ƙasa da mataki biyu ko uku har yarinyar ta kai ƙarshen amshi ba tare da jijiyar wuyanta ta tashi ba. In namiji ne tsakanin shekara 12 da 15, muryarsa na iya fashewa, a riƙa sake gwada sautin kowane wata. Minti 20 na gwaji ya isa, yarinyar ta huta. A juyo mata da ƙaramar sifika ɗaya don ta ji kanta, in ba haka ba ihu za ta yi, gobe murya ta dushe. Lokacin hunturu, ruwan ɗumi, ban da ƙanƙara.

Liƙi kuma a faranti, a ajiye shi taku biyu daga inda take tsaye, babba daga danginta ya tsare shi. Kada wani ya manna mata sefa a goshi ko a jiki. Ta sauka kafin isha'i, don bayan nan taron yakan sauya, masu roƙon waƙa ma su sauya. A tuna akwai waya a kowane hannu, abin da ta rera yau zai kwana a TikTok.

Mai son ɗaukarta aiki da albashi ya sani, dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 14 ba.