Kafin ku canza rizistar da ta ƙone

'Yan'uwa masu gyaran rediyo da talabijin, in za ku karanta ƙimar rizista (ƙaramar na'urar da ke rage wutar da ke bi ta cikinta) daga zobban launin da ke jikinta, ku riƙe ta yadda zobe mai launin zinariya ko na azurfa zai koma hannun dama, sannan ku fara karantawa daga hagu. A mai zobe huɗu, biyun farko lambobi ne, na uku kuma yawan sifilin da za a ƙara. Kowane launi da lambarsa: rawaya 4 ce, shunayya 7, ja 2, saboda haka rawaya, shunayya, ja na nufin om 4,700 (om shi ne ma'aunin ƙimar rizista), zinariya kuwa kuskuren kashi 5 cikin ɗari. Abin da ya fi damuna shi ne zafi yana dusashe launi har ja ya koma kamar ruwan ƙasa, don haka ku cire ƙafa ɗaya ta rizistar daga allon na'urar ku auna da mitar awon lantarki.