Gyaran da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska yake buƙata kafin ya shiga tafkin Legas

Duk wanda ya samu ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya ƙara wa zanen iskar girma don jirgi ya ƙara gudu. A tafkin Legas wannan ne ya kamata ya zo a ƙarshe. Ruwan nan ba shi da zurfi. In ka bar hanyar da aka yashe wa manyan jirage, wurare da yawa bai kai mita 2 ba. Ƙasansa laka ce, ga turakun masunta a nutse, ga kainuwa da ke toshe ruwa ta wajen Ikorodu a ƙarshen damina. Iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take zuwa, mai sauƙin hali ce, amma hadarin farkon damina da na ƙarshenta yawanci daga gabas yake tasowa, kuma ba ya sallama. Gyaran da ya dace da nan shi ne wanda zai hana jirgi nutsewa, ya bar shi ya gogi ƙasa bai karya komai ba, ya kuma ba ka damar rage zane da sauri.

Ma'aunan da za a bayar na jirgin katako ko na faiba ne mai tsawon mita 4.5 zuwa 5, faɗi mita 1.3 zuwa 1.4, da zane mai murabba'in mita 5. Kwale-kwalen da faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, kada a ɗora masa zane irin wannan.

Kayan aiki

A kasuwar katako, irin ta Amu da ke Mushin, ka nemi opepe ko iroko ko maɗaci, busasshe. Ka guji obeche, wanda 'yan katako ke kira arere: yana da arha da sauƙin fiƙewa, amma ruwa yake sha kamar soso, ya ruɓe. Filawud kuwa sai na ruwa. In kana shakkar wanda aka ba ka, yanki ɗan guntu ka tafasa shi awa guda a tukunya. In fallayensa suka rabu, na kabad ne, ba na jirgi ba.

Duk kusa da noti su zama na ƙarfe marar tsatsa, mai lamba 316 in an samu, domin 304 yana yin tabon tsatsa a ruwan gishiri, ruwan tafkin nan kuwa da rani gishirinsa ƙaruwa yake. Tafi da maganaɗisu a aljihu. Kusar da ta manne masa da ƙarfi, ƙarfe ne da aka wanke da fari, ka bar ta. Gam ɗin ifoksi kuma a haɗa shi daidai yadda aka rubuta a gwangwani, kaɗan-kaɗan, saboda zafin Legas yana sa ya daskare a kofi kafin ka gama shafawa. Kowane rami da ka huda a katako ka shafe cikinsa da gam ɗin kafin ka sa kusa, domin ta nan ruɓa ke shiga.

Jarkoki tukuna

Jarka mai lita 25 da aka toshe bakinta tana ɗaga kusan kilo 24 a cikin ruwa. Shida sun ishi jirgin mutum biyu: ɗaya a goshi, ɗaya a baya, biyu-biyu a gefuna ƙarƙashin benci. Kada ka jera su a tsakiyar ƙasan jirgi. In ruwa ya cika shi, za su riƙa neman sama su juya shi rub da ciki. Waɗanda ke jikin bango, sama-sama, su ne ke riƙe shi a zaune.

Wurin ɗauri ake yin kuskure. Mutum yakan ɗaure jarka don kada ta faɗi, alhali a cikin ruwa sama take turawa, sai ta ɓalle bencin da aka kafa da ƙusa kawai. Benci ya zama da kusa mai noti, igiya kuma ta zagaye jarkar sau biyu ta bi ta haƙarƙarin jirgi, ba ta hannun jarka kaɗai ba. A yanka tub ɗin babur a sa a cikin murfi don ya toshe sosai. Jarkar da ta koɗe a rana har ta fara yin gari in an kankare ta, a canza ta.

Allon gefe

Jirgin da ba shi da abin da ya nutse a ƙarƙashinsa, iska gefe take tura shi kamar ƙwarya. Ba sai ka tsaga ƙasan jirgi ka yi akwatin allo ba, wannan aiki ne mai yawan yoyo. Allon da ake ratayawa a gefe ya fi sauƙi, kuma shi ya fi dacewa da ruwa marar zurfi, don in ya taɓa laka baya yake lanƙwasawa ya tashi.

Ɓangaren da ke cikin ruwa ya kai kusan kashi 4 cikin 100 na girman zane. Ga zane mai murabba'in mita 5, faɗin santimita 30 da nutso na santimita 70 ya yi. In ka haɗa da tsayin bangon jirgi, dukan allon zai kai wajen santimita 125. Kauri milimita 25 na katako mai tauri, ko filawud mai milimita 12 guda biyu da aka manne. Bakin gaba a mulmule shi ya yi kamar bayan cokali, bakin baya a fiƙe shi a hankali cikin santimita 10 na ƙarshe har ya rage milimita 4. Allon da aka bari da kaifin kusurwa huɗu yana rawa yana gurnani, yana kuma cin gudu.

Ana rataye shi da kusa ɗaya mai kaurin milimita 12, da manyan washa, wato faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, ciki da waje, da faifan roba tsakanin allo da jirgi don ya tsaya inda ka ajiye shi. Ta ciki a ƙara katako mai kauri wanda ya haɗa haƙarƙari biyu, domin bangon jirgi shi kaɗai ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Ƙasa kuma, dab da inda ruwa ke tsayawa, a kafa katako mai santsi da allon zai jingina. In allo ɗaya za ka yi amfani da shi ko ta ina iska ta zo, sai ka ƙara wani katako ta waje a sama, allon ya shiga tsakani, in ba haka ba zai buɗe kamar fiffike ya lanƙwasa kusar.

Abu biyu ke ɓata aikin nan. Na farko, allon bai yi daidai da tsakiyar jirgi ba. Ja zare daga tsinin goshi zuwa tsakiyar baya, ka auna daga zaren zuwa bakin gaba na allo da bakin baya. Ma'aunin biyu su zo ɗaya. Shi ya sa ake kafa shi inda jirgi ya fi faɗi, don a nan bango ya fi miƙewa. Na biyu, wurin da aka kafa shi bai dace da zane ba. Zana siffar zanenka a kwali, santimita 10 a madadin mita ɗaya, ka yanke, ka ɗora a kan tsinin ƙusa har ya tsaya bai karkata ba. Wannan ɗigo shi ne cibiyar turin iska, kuma tsakiyar allon da ke cikin ruwa ya kasance ƙarƙashinsa ko ɗan baya kaɗan. Kada ka huda jirgi tukuna. Matse allon da maƙalar kafinta ka gwada a ruwa. In jirgi yana ta kai goshi wajen iska har hannunka ya gaji da ja, matsar da allon baya. In yana gudun iskar yana juya mata baya, matsar da shi gaba, kuma wannan ne mai haɗari, don ranar da hannun tuƙi ya kuɓuce maka jirgin ba zai tsaya ba. Abin da ake so shi ne in ka saki, ya juya a hankali ya fuskanci iska ya tsaya.

Allon tuƙi mai tashi

Allon tuƙi da aka kafe shi ƙam, turke ɗaya ya isa ya ɓalle shi tare da katakon bayan jirgi. A raba shi biyu: kai, wato filawud biyu masu milimita 12 da tazara a tsakani, da ganye mai faɗin santimita 22 da nutso na santimita 45, wanda ke juyawa a kan kusa mai milimita 10. Abin da zai riƙe ganyen ƙasa shi ne tsirin tub ɗin babur da aka ɗaura daga bakin gabansa zuwa kan allon. In ya bugi abu, roba ta miƙe, ya tashi, ya koma. Robar ta yi tauri sosai, domin ganyen da ya ɗan tashi baya yana sa tuƙi ya yi nauyi ninki biyu, har hannun tuƙin ya karye. Kainuwa da leda ma in sun naɗe, ɗaga shi kawai za ka yi su wuce.

Wurin rataye allon tuƙi a bayan jirgi, kada a sa hinjin ƙofa. Kai wa mai walda ƙarfe marar tsatsa ya yi maka, ka kuma sa ɗan fil a saman sandar hinjin, don ranar da jirgi ya kife allon kada ya zare ya bi ruwa.

Gindin jigo

Jigo shi ne sandar tsaye da ke riƙe zane. Wanda ba a ɗaure shi da wayoyi ba, duk ƙarfin iska a wuri biyu yake sauka: ramin benci da gindi. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta gaza santimita 40 ga jigo mai mita 3.5. Bencin ya zama katako mai tauri, kauri santimita 3, faɗi santimita 20, da ƙafar tallafi a kowane gefe. Gindin kuwa gungume ne da ya hau kan haƙarƙari biyu, ba kan fatar jirgi ba, da ɗan rami a gefe don ruwa ya fita. In ruwa ya kwanta a ciki, ƙasan jigo ne ke fara ruɓewa inda ido ba ya gani. Jigon katako ya yi kaurin santimita 6.5 zuwa 7 a wurin benci, ya sirance zuwa 4 a sama. In gora ce, a samu wadda ta ƙosa, mai santimita 8, a busar da ita a inuwa, a naɗe tsakanin gaɓoɓinta da zaren nailan don kada ta tsage, a toshe bakinta. Naɗa roba inda jigo ke gogar benci, ka kuma ɗaure shi ƙasa da 'yar igiya.

Zane da wurin rage shi

Tamfol mai kauri yana yin zane mai kyau. Tsohon allon talla na leda yana da ƙarfi, amma nauyinsa ya yi yawa a sama. Zane mai kusurwa huɗu da sanda sama da ƙasa ya fi dacewa da gajeren jigo: ƙasa mita 2.4, gaba 1.7, sama 2.1, baya 3.3, daga kusurwar sama ta gaba zuwa ta ƙasa ta baya kuma 2.94. Gefen sama da na ƙasa a yanka su da ɗan tudu na santimita 5, wanda in an ɗaure a miƙaƙƙiyar sanda zai ba zanen ciki. Gefen baya a ɗan rame shi santimita 3 don kada ya riƙa kaɗawa. Gefen gaba a ɗinke igiyar da ba ta miƙewa a cikin kalmasa, kowace kusurwa a yi mata faci uku. Masu ɗinkin rumfar biki suna da keken da zai iya, sai dai ka tsaya a kansu su buɗe ɗinkin ya kai milimita 5 ko 6. Ɗinki mai matsi yana huda tamfol a jere ya yage kamar takardar rasit.

Layin ragewa a ja shi santimita 60 sama da ƙasan zane. Wannan zai cire fiye da rubu'in girmansa. A ƙarshen layin biyu a yi faci mai kauri da zobe, su ne za a ja a ɗaure a sandar ƙasa, su ne ke ɗaukar nauyi. Tsakani, kowane santimita 40, a sa ƙaramin faci da 'yar igiya mai fitowa ta fuska biyu, aikinta tattara zanen da ya sauko ne kawai. Wanda ya ɗaure na tsakiya tam ya bar na gefe sako-sako, zanensa zai yage a tsakiya. Igiyar ɗaga zane ta zo kusa da mazaunin matuƙi da ƙulli mai zargewa, ja ɗaya zane ya faɗo. Igiyar da ake sarrafa zane da ita kuwa a hannu take zama, ba a ɗaure ta ko da iska ta kwanta.

Gwaji

Kafin a yi nisa, a kai jirgi inda ruwa ya tsaya a ƙugu, ranar da babu iska, nesa da hanyar jiragen fasinja da na masu yashi. Kowa da rigar ruwa a jikinsa, wadda hukumomin kula da hanyoyin ruwa, LASWA ta jihar Legas da NIWA ta tarayya, suka wajabta dama. A kifar da shi da gangan, a tayar, mutum ɗaya ya shiga ta baya. Bakin jirgi ya rage aƙalla santimita 10 sama da ruwa ko'ina, in ba haka ba duk abin da ka kwashe dawowa zai yi, sai a ƙara jarka a ɓangaren da ya nutse. A duba agogo a ga minti nawa kwasar ruwa ke ci da bokiti, sannan a ƙarasa da galan mai lita 4 da aka yanke gindinsa. Bokitin da galan ɗin da filafili duk a ɗaure su da igiya a jikin jirgi. Bayan an fito a bi kowane noti da sifana, domin katako in ya sha ruwa ya bushe yakan saki kusa, a ɗauraye zane da ruwan famfo, a naɗe shi a inuwa.