Kalmar sponge ba soson wanka kaɗai ba ce

Salam ƴan uwa, musamman iyayen da yaransu za su zauna jarrabawar BECE ko WASSCE. Jiya a unguwar Nima ta Accra ƙanwata ta kawo min aikin Turanci an rubuta "he sponges off his brother", wai ita a ganinta wanka yake yi wa yayansa da soso, na yi dariya har da hawaye.

To ga yadda abin yake. Sponge dai soso ne, na wanka ko na wanke-wanke, har wannan ragar tamu ta sapo da ake sayarwa a kasuwar Makola net sponge ake ce mata. Amma da zarar kun ga off ko on a bayanta magana ta canza, ana nufin mutum ya kwanta a jikin wani, ci da sha duk a aljihunsa shi ko sisi ba ya kawowa. Sunansa sponger, wato cima-zaune, kuma zagi ne fa, kar yaro ya je ya faɗa wa kawunsa.

Sponge cake kek ne mai laushi. Sponge bath goge jikin mara lafiya ne da jiƙaƙƙen soso ko tsumma. In malami ya ce yaronki "soaks it up like a sponge" yabo ne Hajiya, yana ɗaukar karatu. Throw in the sponge kuma daga dambe ta fito, saranda ke nan, amma yanzu towel aka fi cewa, ku tambayi ƴan Bukom, unguwar ƴan dambe a Accra.

Wajen furtawa kuma o ɗin nan kamar a take fita, sauti ɗaya da na lunch.