Sake fasalin ma'aikatan laburare: inda ake yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zauna a ofis a zana sabon tsari, ba a san abin da ke kawo jama'a ba. A ajiye takarda a kowane tebur na mako biyu. Duk wanda ya zo da buƙata, a ja layi ɗaya a ƙarƙashin irinta da ƙarfen da ya zo: aron littafi, buga takarda, cike fom a intanet, wurin zama, tambayar bincike. A yi ƙidayar sau biyu, lokacin jarrabawa da lokacin hutu, don cunkoson ba ɗaya ba ne. Sau da yawa takardar kan tona asiri: ma'aikata sun cika da safe, jama'a kuwa sai an tashi daga makaranta da wurin aiki.

Sai haɗe teburin aro da na tambayoyi ba tare da horo ba. Tunanin mai kyau ne, don kada a yi ta yawo da mutum daga wannan tebur zuwa wancan. Amma wanda ya shekara goma yana buga hatimin ranar dawo da littafi ba zai wayi gari ya iya lalubo bayani ba. Gwanin bincike kuma zai tsaya yana kallon manhajar aro, ko Koha ce ko wata, layi na ƙara tsawo. A haɗa su bibbiyu na mako huɗu zuwa shida, a kuma rubuta irin tambayar da dole a miƙa wa ƙwararre.

Wanda ya fi ɓarna, kuma ba a ganin sa da wuri, shi ne kwaso masu shigar da littattafai a rajista a kawo su gaba. Bayan wata biyu sai ka ga sababbin littattafai jibge a kwali, babu lambar Dewey, wato lambar da ke nuna gurbin littafi a kanta, a jikinsu, waɗanda aka dawo da su kuma suna kan amalanke ba su koma kanta ba. Kwamfuta ta ce littafi yana nan, mai nema ya duba bai gani ba. A ware wa wannan aiki awoyinsa a jadawali, kada a taɓa su.

Canza sunan muƙami kawai ba gyara ba ne. Kowa ya samu ayyukansa a rubuce, da shugaba ɗaya tak da zai ba shi izinin hutu ya kuma auna aikinsa.

A gwada sabon tsarin na wata uku, sannan a sake fito da takardar ƙidaya a kwatanta da ta farko.