Yadda ake gyara motar rimot mai ƙatan tayu ta jure yashi da zafin Yamai

Ranar wata Lahadi ɗan ƙanwata ya shigo gidana a Bukoki da motarsa ta rimot cikin buhun shinkafa, taya ɗaya na reto. "Kawu, ta mutu," ya ce, idonsa ya ciko da ƙwalla. Irin mai ƙatan tayun nan ce, wadda ake kwaikwayo daga motocin wasan Amurka masu bi ta kan ƙananan motoci suna murƙushe su. Kakarsu ita ce Bigfoot, wadda Bob Chandler ya haɗa daga wata Ford F-250 a jihar Misuri a shekarun 1970. Daga baya kamfanoni irin su Tamiya na Japan, mai Clod Buster ta 1987, da Traxxas na Amurka suka mayar da ita abin da yaro zai sungume da hannu biyu. Sai dai ba don garinmu aka ƙera su ba. Mu yashi gare mu, da jar ƙasa, da ƙurar hunturu, da ranar Afrilu mai wuce digiri 40. Gyaran motar nan a Yamai kusan dukansa kokawa ce da yashi da zafi, maganar ƙarin gudu kuwa ita ce ta ƙarshe.

Kafin ka ɓata yininka, cire gangar jikin ka leƙa. In ka ga allo kore guda ɗaya da aka like komai a kansa, kuma da pilan tocila take aiki, to kayan wasan yara ce, gyaranta bai wuce like wayar da ta tsinke ba. Wadda nake nufi ita ce mai girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, mai sassa daban-daban kowanne da filoginsa: inji, da risiba mai karɓar saƙon rimot, da akwatin ESC mai auna wutar da ke zuwa inji, da sarbo, wato ɗan injin da ke karkata tayun gaba hagu da dama.

Mataki na 1: kayan aiki da sharar farko

Ka nemi kile mai kusurwa shida na milimita 1.5 da 2 da 2.5, da na 7 don notin taya, da turnabis, da pansa, da tsohon buroshin haƙori. A kasuwar Katako za ka haɗa su. Kada ka bi araha a kan kile, don mai laushi gwigwiye kan noti yake yi, daga nan kuma aikin minti biyar ya koma na yini. Ni kiret ɗin ƙwai nake ajiyewa a gefe, kowane sashe notocinsa a rami guda, kuma ina ɗaukar hoto da waya kafin in kwance komai.

Cire batiri tukuna. Sai ka share motar a bushe da buroshi, in da hali ka kai wa mai faci ya hura mata iska. Ban da tiyo, ban da bokiti. Ruwa tura yashin yake yi can cikin inda hannu ba ya kaiwa.

Mataki na 2: ka saurare ta kafin ka kwance ta

Ɗora ta kan gwangwanin madara, tayu huɗu a sama. Mayar da batiri, kunna rimot da farko, sannan motar. Wajen kashewa kuma motar ce farko. In ba a bi wannan tsari ba, wata motar kan zabura ita kaɗai.

In babu fitila babu ƙara, duba batiri da filogi da makunni. Makunnin nan ƙura na yawan kashe shi, farin filogin roba na tsofaffin motoci kuma yakan yi zafi har ya saki. In tayun gaba na karkata hagu da dama amma ba ta tafiya, wuta na zuwa ke nan, matsalar tana tsakanin ESC da inji. Ka tabbata wayar sarbo na ramin CH1 a risiba, ta ESC na CH2. In sarbo na gurnani tayu ba sa motsi, haƙoran cikinsa sun kakkarye. In kuwa inji na ihu mota na tsaye, kamar ta ɗan ƙanwata, to giya ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Mataki na 3: giya, inda aikin yake

Buɗe murfin da ke gefen inji. Za ka ga ƙaramin giyan ƙarfe a bakin inji, wanda makanikai ke kira pinyo, yana cizon babban giya na roba. Da gangan aka yi babban da roba, don in abu ya cije shi ya lalace, inji ya tsira. Namu da muka buɗe, haƙoransa sun lashe ta gefe guda sumul kamar bakin tsohuwa, ga jan gari ya cika murfin, har da wata 'yar tsakuwa da ba ta kai ƙwayar gero ba maƙale tsakanin haƙora biyu. Ita ce ta yi wannan ɓarnar duka.

Ƙirga haƙoran tsohon giyan kafin ka aika a sayo, ka kuma duba lambar da ke jikinsa ko a takardar motar, 48P ko 32P. Girman haƙori ne, kuma dole pinyo da babban giya su zo ɗaya; kama da wane ba ta wane. Kafin ka ɗaura sabon, gwada notin pinyo. Sau da yawa shi ne kawai ya saki, inji na juyawa a banza. Ka ɗaure shi a kan gefen sandar inji mai faɗi, da ɗigon shuɗin gam na noti. Wannan gam na ƙarfe cikin ƙarfe ne kawai, yana cin roba.

Sai daidaita cizon. Sassauta notocin inji, yanki siririyar takarda daga littafin makaranta, saka ta tsakanin giyoyin biyu, tura inji har ya matse ta, ɗaure, sannan ka juya giya takardar ta fito. Ya kamata ta fito a tattare kamar fifita, ba a yage ba. Riƙe pinyo da yatsa ka girgiza babban giya: ɗan motsi kaɗan za ka ji. In babu motsi sam, inji zai yi zafi. In ya yi yawa, haƙora za su sake lashewa. Juya shi zagaye guda kana gwadawa, don giyan roba ba ya cika zama daidai ko'ina.

A nan mai gyaran babur na bakin layinmu ya so ya taimaka, ya lakato giris da yatsa. Na ce, "Maigida, a yi haƙuri, wannan ba sarƙar kabu-kabu ba ce." Giris a giyan da ƙura ke shiga, haɗe da yashi, dutsen wasa wuƙa yake zama. A bushe ake barinsa. Giris na cikin rufaffen akwatin giya ne, wanda ke raba gudu tsakanin tayu biyu, shi ma kaɗan.

Mataki na 4: rulma da inji

Cire kowace taya ka zaro rulman da ke ciki, ka juya shi a yatsa. In kana jin ƙaras-ƙaras, wanke shi da ɗan fetur nesa da wuta, ya bushe, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya. Wanda bai gyaru ba a canza. Da yawa 5x11x4 ne, amma ka auna naka. In zoben roba ko na tagulla ka tarar a gurbinsu, to wannan ne canji na farko da ya cancanci kuɗinka, kuma ka zaɓi rulma mai murfin roba, ya fi mai murfin ƙarfe tare ƙura.

Inji mai gawayi, irin 540 ko 550, ramuka gare shi, maganaɗisun ciki kuma yana janyo baƙin garin ƙarfen da ke cikin ƙasa. Hura masa iska, ka ɗiga mai a bakin sandar gaba da baya.

Mataki na 5: ƙafafu da tayu

Tayar da ke reto, hannun roba mai riƙe ta ne ya karye. Gam ba ya riƙe shi, canji ake yi. Akwai wata dabara da ta dace da busasshiyar iskarmu: robar nailan in ta bushe takan yi gautsi, don haka a jiƙa sababbin hannuwan cikin ruwan zafi kafin a ɗaura, su sha danshi su riƙa lanƙwasa maimakon karyewa. Wasu na gaggawar sayen na alminiyam. Ni ban yarda ba. Ƙarfen in bai karye ba, sai ya miƙa dukan ga wani sashe mai tsada.

Amortisa kuma, danna motar ka saki. In ta yi ta tsalle kamar kwaɗo, mai ya tsiyaye. Man silikon ake zubawa, mai lamba 30 zuwa 40, ba baƙin mai ba. Cika shi, motsa sandar a hankali kumfa ya fita, sannan ka rufe.

Girgiza taya kusa da kunne. In ka ji kamar caki, yashi ya shiga ta ramukan da ke jikin garenta. Like ramukan da salatif, ka huda ƙanana biyu ko uku a bayan tayar, gudu da kansa zai watsar da yashin. Inda bakin taya ya ɓalle, goge shi da alkol ka bi shi da gam mai kamawa nan take.

Mataki na 6: batiri, a nan babu wasa

Tsohon batirin NiMH mai bolt 7.2 yana da haƙuri. LiPo kuwa ya fi ƙarfi da rashin nauyi, amma yana kama wuta. Kowane gida nasa, wato ƙwayar batiri ɗaya da ke cikinsa, bolt 3.7 ne, cikarsa 4.2, kuma kada ya sauka ƙasa da 3. Mai gida biyu, wato 2S, bolt 7.4 ke nan, ya ishe ka. Sai da cajarsa ta musamman mai daidaita gidajen, kuma a sa ESC a tsarin LiPo don ya yanke wuta kafin batiri ya ƙare ƙaf. Mai 5000 mAh kada cajinsa ya wuce amfiya 5. In za a yi kwanaki ba a taɓa shi ba, a bar kowane gida wajen 3.8.

Kada ka bar shi cikin mota ko ƙarƙashin sirdin babur da rana, kada ka sa shi caji yana da zafi, kada ka sa ka kwanta barci. Ni cikin tukunyar ƙasa nake cajin nawa, a tsakar gida, da kwanon yashi kusa. Wanda ya kumbura kamar fanke ya gama aiki, ko da yana ba da wuta. In filogi za a canza, XT60 ya fi. Mai gyaran salula zai like maka da dalma, amma ka ce masa waya ɗaya zai yanke ya like ya rufe kafin ya taɓa ɗayar.

Mataki na 7: yanzu a yi maganar ƙarfi

"Kawu, a sa mata babban pinyo ta yi gudu." Abin da kowa ke fara cewa ke nan. A cikin yashi akasin haka ake yi: rage haƙori biyu a pinyo. Gudun zai ɗan ragu, amma jan zai ƙaru, inji ya huta. Bayan minti biyar na tuƙi ɗora yatsa a jikin inji. In ba ka iya ƙirga biyar ba, ya kusa ko ya wuce digiri 70, a tsaya a sake rage haƙori. Ɗan fanka a kan ESC yana taimakawa, haka ma yankin ɗankwali mai shara-shara da aka ja a saman kayan wuta, nesa da giya: iska na wucewa, tsakuwa ba ta wucewa. Leda kam dafa su take yi.

Sai an gama duk wannan ake tunanin inji marar gawayi. Rufaffe ne, ƙura ba ta damunsa sosai, amma da nasa ESC yake tafiya. Na wajen 3500 KV, wato lambar saurin juyinsa, a kan 2S ya wadatar. In wayoyinsa uku ne kawai, motar kuma ta tafi da baya, musanya kowane biyu daga ciki. Ka kuma tanadi sandunan juya taya na ajiya, don na roba su ne za su fara murɗewa.

Tamu dai ba mu kai nan ba. Sabon giya, rulma takwas, hannu ɗaya da ƙaramin pinyo muka sa. Bayan la'asar, da rana ta yi sanyi, muka haye Gadar Kennedy zuwa Harobanda muka sami fili mai yashi. Ta zagaya har batiri ya yanke, yaron ya ɗora yatsa a inji yana ƙirgawa da ƙarfi, ya kai goma bai ɗaga ba. A hanyar komawa na miƙa masa buroshin, na ce kada a kira magariba bai share ta ba.